JINI A ƘARSHEN CIKI: ABIN DA NA'URAR EKO KE NUNAWA

 

A cikin rangadin da muke yi na makarantun yaƙi da jahilci, akwai tambayar da mata suka sha yi mana bayan an tashi daga karatu. Sukan ce: «Malam, mace ce cikinta ya tsufa, sai ta ga jini, ba ciwo, ba naƙuda, kuma jinin ya tsaya da kansa. Shin dole ne sai an kai ta likita?» Amsa ita ce: dole ne, kuma a ranar, ba a jira gobe ba.

Wata shekara da rani mun sauka wani ƙauye, muka tarar da ajin mata babu kowa. Muka tambaya, aka ce ana zaman makoki. Ɗaya daga cikin ɗaliban ce ta rasu. Cikinta na da wata takwas sa'ad da ta fara ganin jini. Kwana ɗaya ya tsaya, sai kowa ya ce zafi ne, an samu sauƙi. Bayan mako biyu jinin ya komo da tsakar dare, ya ɓalle. Aka ɗaura amalanke, amma ba a kai gidan likita da ita ba. Ta bar ƴaƴa huɗu. Mako biyun nan da jini ya tsaya, su ne lokacin da za a iya ceton ta, da an san abin da ke ciki.

Mu ba likitoci ba ne, aikinmu koyarwa. Amma tun daga ranar muka riƙa zama da malaman kiwon lafiya muna tambayarsu. Abin da muka fahimta shi muka kawo muku yau. Ku karanta a hankali, ku karanta wa wanda bai iya ba.

YADDA ƊA KE ZAUNE A CIKI

Kafin mu gane inda jini ke fitowa, sai mun san abubuwa biyar.

Mahaifa ita ce ɗakin da ɗa ke kwance. Bakin mahaifa shi ne ƙofar ɗakin, yana ƙasa, yana rufe har ranar naƙuda. Faya ita ce jakar ruwa da ke lulluɓe da ɗa. Mabiyiya, wadda wasu ke kira uwa, ita ce tsokar nan da ke biyo bayan jinjiri. Tana manne a bangon mahaifa kamar yadda saiwa ke riƙe da ƙasa, tana tsotso abinci da iska daga jinin uwa. Igiyar cibiya kuwa ita ce hanyar da ke kai abincin daga mabiyiya zuwa ga ɗa.

Bisa al'ada mabiyiya takan manne a sama, nesa da ƙofa. Igiyar cibiya takan tsiro daga tsakiyarta, jijiyoyin da ke ciki kuma suna lulluɓe da wani abu mai kama da kitse wanda ke kare su.

Ga lissafi biyu da ya kamata mu riƙe. Na farko, a ƙarshen ciki jinin da ke bi ta mahaifa a cikin minti ɗaya ya kai rabin lita ko fiye, alhali jinin macen duka bai wuce lita 5 zuwa 6 ba. Ke nan in jijiya ta buɗe a can, mintoci kaɗan sun isa su jigata ta. Na biyu, jinin jinjiri mai kilo 3 duka-duka bai fi cikin ƙaramar kwalbar lemo ba. Abin da uwa za ta zubar ba ta ji komi ba, ya isa ya kashe ɗa.

DOKA TA FARKO

Daga wata na shida har zuwa haihuwa, duk jinin da ya fito ta gaban mace alamar haɗari ce, ko kaɗan ne, ko ba ciwo, ko ya tsaya. Abu ɗaya ne aka ware: majinar nan mai yauƙi, mai ɗan ɗigon jini, da ke fita dab da naƙuda. Ita wannan alamar buɗewar ƙofa ce. In kuwa jini ne zalla da ke jiƙa zane, ko yana gangarowa a ƙafa, ko akwai gudaji, to ba ita ba ce. In an yi shakka, ungozomar likita ce za ta raba gardama.

DALILAI BIYU DA AKA FI GANI

1. Mabiyiya ta tare ƙofa

Wani lokaci mabiyiya takan manne a ƙasa, ta rufe bakin mahaifa duka ko wani sashe. Ana samun haka ga kamar mace 1 cikin 200 a ƙarshen ciki. A cikin karnen awo likita zai rubuta da Faransanci: placenta praevia. Idan ciki ya tsufa, ƙasan mahaifa yakan miƙe, sai gefen mabiyiya ya ɓamɓare, jini ya zubo. Jinin ja ne wur, ba ciwo, ciki kuma yana da taushi. Yakan zo ko mace na barci. Na farko yakan zama kaɗan ya tsaya, na biyu ya fi shi, na uku ya fi na biyu. Wannan shi ne irin wanda ya yaudari mutanen ƙauyen da muka ambata. Ya fi samun macen da ta haihu da yawa, da wadda aka taɓa yi wa fiɗa, da mai tagwaye, da wadda shekarunta suka ja. In mabiyiya ta rufe ƙofa, ɗa ba shi da hanya, sai an yi fiɗa.

2. Mabiyiya ta saki kafin lokaci

A nan mabiyiya tana wurin da ya dace, amma ta rabu da bangon mahaifa alhali ɗa na ciki. Yana samun kamar mace 1 cikin 100. A karne akan rubuta haruffa uku: HRP. Alamunsa su ne ciwon ciki mai tsanani wanda ba ya lafawa, ciki ya yi tauri kamar ice, jini baƙi-baƙi, motsin ɗa ya ragu ko ya tsaya. Wani sa'in jinin yakan taru a bayan mabiyiya, kaɗan ne ke fitowa waje, ko ma babu sam, amma mace na ta galabaita. Babban abin da ke kawo shi shi ne hawan jini, watau tansiyo. Faɗuwa ko duka a ciki ma suna kawo shi. Dalili ke nan da ake auna tansiyo a kowane awon ciki.

DALILAN DA BA A CIKA GANI BA

Akwai waɗansu dalilai da ungozomar ƙauye za ta iya tsufa ba ta gamu da su ba. Rashin yawansu bai rage musu haɗari ba. Ga huɗu daga cikinsu.

1. Jijiyoyin ɗa a bakin ƙofa

Mun ce igiyar cibiya takan tsiro daga tsakiyar mabiyiya. Wani lokaci ba haka take ba. Sai ta tsiro daga jikin fatar faya, jijiyoyinta su warwatsu tsirara, ba abin da ke kare su, kafin su isa ga mabiyiya. Wani lokaci kuma mabiyiya kan rabu gida biyu, babba da ƙarama, jijiyoyi su ratsa tsakaninsu. In waɗannan jijiyoyi suka gitta bakin mahaifa, a gaban kan ɗa, to an samu abin da likitoci ke rubutawa vasa praevia. Yana samun kamar ciki 1 cikin 2500.

Ku dubi zaren da aka ɗinka a jikin leda mai ruwa. In ledar ta yage, zaren ma zai tsinke. Haka nan ranar da faya ta fashe, jijiyar takan tsage tare da ita. Jinin da ke zuba ba na uwa ba ne, na ɗa ne. Uwa tana zaune lafiya, ba ciwo, ba jiri, jinin ma ba shi da yawa a ido, amma ɗa na ƙarewa a cikin mintoci.

Wannan matsala ba ta da wata alama kafin ranar. Hannun ungozoma ba ya gano ta a kan ciki. Na'urar eko ce ke ganin ta. Wani bincike da likitoci suka wallafa a shekarar 2004 a kan mata 155 ya nuna cewa inda aka gano matsalar tun kafin naƙuda, jarirai 97 cikin 100 sun rayu. Inda ba a gano ba, 44 kaɗai cikin 100 suka rayu. Bambancin duka sani ne. In an gano, akan kwantar da mace kusa da ɗakin fiɗa, a yi mata allurar da ke ƙarfafa huhun ɗa, a ciro shi tsakanin mako na 34 da na 36, kafin faya ta fashe.

Waɗanda ya kamata a duba da kyau su ne: mai tagwaye, da wadda eko ya taɓa nuna mabiyiyarta a ƙasa ko da daga baya ta hau, da wadda aka ga mabiyiyarta ta rabu biyu.

2. Mabiyiya ta kafe a jikin mahaifa

Bayan haihuwa mabiyiya takan saki cikin sauƙi, kamar yadda ake tuge gyaɗa a jigawa. Amma akwai wadda ke kutsa saiwarta cikin naman mahaifa, kamar saiwar gamji a jikin katanga. Wata takan huda mahaifar har ta kai mafitsara. Sunanta a karne placenta accreta.

Abin da ya fi jawo ta shi ne tabo: tabon fiɗar haihuwa, ko na wankin ciki bayan ɓari. Haɗarin yana ƙaruwa idan mabiyiya ta sauka ƙasa ta zauna a kan tabon. Macen da aka yi wa fiɗa sau biyu, kuma a sabon ciki mabiyiya ta tare ƙofa, cikin irinta 10 kamar 4 mabiyiyarsu takan kafe.

Jini na iya zuwa a ƙarshen ciki, amma babban haɗari yana ranar haihuwa. In aka ja mabiyiyar da ƙarfi, jini zai ɓalle kamar an fasa randa. A eko likita yakan ga ramuka-ramuka a cikin mabiyiya, bangon mahaifa ya yi siriri, jijiyoyi sun yi yawa wajen mafitsara. In ya ga haka, zai tura mace babban asibiti inda akwai ƙwararrun masu fiɗa da jini a ajiye. Sau da yawa sai an cire mahaifa gaba ɗaya domin a ceci rai. Magana ce mai nauyi ga mace da mijinta. Gara a ji ta tun da wata biyu a gaba, a shirya zuciya, da a ji ta a ƙofar ɗakin fiɗa.

3. Mahaifa ta tsage

Buhun da aka taɓa ɗinkewa, wurin ɗinkin ne ke fara saki in an cika shi. Haka mahaifa mai tabon fiɗa. Takan tsage a lokacin naƙuda, wani sa'in ma kafin naƙuda. Mahaifar da ba ta da tabo ma tana tsagewa in naƙuda ta yi tsawo ɗa ya kasa fita, ko in ya kwanta a gicciye, ko in mace ta haihu da yawa mahaifar ta gaji. Abubuwa biyu na hannunmu suna ƙara haɗarin: danna ciki da ƙarfi don a turo ɗa, da maganin zafafa naƙuda, jiƙo ne ko allurar ƴan talla.

Alamun su ne: ciwo kamar an soka wuƙa, sa'an nan naƙuda ta tsaya cik, motsin ɗa ya ɗauke, siffar ciki ta sake, mace ta yi gumi mai sanyi ta fara suma. Jinin da ke fita waje kaɗan ne, sauran yana zuba a cikin ciki. Kada a ce naƙuda ta huta. Eko na iya nuna jinin da ya taru, amma a nan likita ba ya ɓata lokaci, fiɗa ake shiga. Saboda haka duk macen da aka taɓa yi wa fiɗa, ta huta shekara biyu kafin sabon ciki, kuma kada ta sake naƙuda a gida.

4. Ciwo a bakin mahaifa

Wani jinin ba daga cikin mahaifa yake ba, daga ƙofar yake. Ƙaramin tsiro, ko gyambon ciwon sanyi, ko kumburarriyar jijiya, duk suna zubar da jini, musamman bayan saduwa. Mafi muni a cikinsu ita ce sankarar bakin mahaifa. Ungozoma takan duba wurin da ido, da ɗan ƙarfe da fitila. Yawancin waɗannan suna da magani mai sauƙi. Sankara ma in an gan ta da wuri ana iya maganin ta.

Har wa yau akwai jinin da ake ɗauka na ciki ne alhali ba shi ba ne. Basir yana zubar da jini ta baya. Tsargiya, wadda ake ɗauka a ruwan tabki da fadama da bakin kogi, tana sa jini a fitsari, tana kuma iya yin gyambo a gaban mace. Amma ba aikin mutanen gida ba ne su yanke cewa basir ne ko tsargiya. A bar wa masu awo.

MENE NE EKO?

Sunanta da Faransanci ekogarafi, mutane suka taƙaita suka ce eko. Ku tuna sa'ad da yaro ya leƙa rijiya ya yi kira, muryarsa ta komo masa. In rijiyar na da zurfi, amsar takan jinkirta. Da irin wannan dabara jemage ke tashi cikin duhu ba ya karo da bango. Na'urar eko tana aika wani sauti siriri wanda kunnen mutum ba ya ji. Sautin ya shiga ciki, ya bugi ƙashi da tsoka da ruwa, ya komo. Na'urar ta lissafa amsar, ta mai da ita hoto a kan allo mai kama da talabijin. Wani likita mai suna Ian Donald, a birnin Gilasgo na ƙasar Birtaniya, shi da abokan aikinsa suka bayyana amfaninta wajen duba cikin mata a shekarar 1958.

Ga yadda ake yi. Mace ta kwanta, a shafa mata wani mai mai sanyi a kan ciki, a riƙa goga kan na'urar a hankali. Ba allura, ba yanka, ba zafi. Ba irin hoton ƙashi ba ne da ake hana masu ciki. Ba ya ƙona ɗa, ba ya rage jini, ba ya hana haihuwa nan gaba. Wani lokaci akan ce mace ta sha ruwa ta riƙe fitsari, don hoton ya fito sarai.

In ana son ganin bakin mahaifa da kyau, akwai siririn kan na'ura da ake sa wa ta gaba. A hannun wanda ya ƙware ba ya taɓa mabiyiya, ba ya tayar da jini, kuma shi ya fi nuna gaskiya. Mace tana da ikon neman mace ta duba ta in akwai, ko ƴar uwarta ta tsaya kusa da ita.

Abin da likita ke nema in an zo da jini:
– Ko zuciyar ɗa na bugawa, da yadda yake kwance, da ko ɗaya ne ko tagwaye.
– Inda mabiyiya take. Yakan auna tazarar da ke tsakanin gefenta da bakin mahaifa. In ba ta kai santimeta 2 ba, watau kamar faɗin babban yatsa, to tana ƙasa.
– Ko mabiyiya na zaune a kan tsohon tabo.
– Inda igiyar cibiya ta tsiro.

Na'urori da yawa suna nuna gudun jini da launi, ja da shuɗi. Launin ba ya nufin jini mai kyau ko marar kyau, yana nuna inda jinin ya nufa ne kawai. Da wannan launi ake ganin jijiyar da ta gitta ƙofa. Likita zai auna bugunta. In tana bugawa sau 110 zuwa 160 a minti, to galibi ta ɗa ce, domin bisa al'ada zuciyar uwa ba ta saurin nan.

ABIN DA EKO BA YA IYAWA

Eko ido ne, ba magani ba ne. Kuma ido yakan yi kuskure. Idan mabiyiya ta saki kafin lokaci, fiye da rabin lokuta hoton ba ya nuna komi. Likita yana gane ta ne daga ciwo, da taurin ciki, da bugun zuciyar ɗa. Don haka in an ce hoto ya yi kyau amma aka ce mace ta kwana a asibiti, kada maigida ya yi gardama. Haka kuma hoton da aka yi watan jiya ba ya hana jinin yau zama haɗari.

YAUSHE ZA A YI?

A shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa kowace mai ciki ta je awo sau 8, kuma a yi mata eko sau ɗaya kafin mako na 24, watau kafin ciki ya cika wata shida. In a wannan hoton aka ga mabiyiya a ƙasa, kada hankali ya tashi. Cikin mata 10 masu irin wannan, kamar 9 mabiyiyarsu takan yi nesa da ƙofa yayin da mahaifa ke girma. Sai dai a koma a sake hoto wajen mako na 32, in da hali kuma a na 36. Kafin nan a bi abin da likita ya ce game da saduwa, da daka, da jan ruwa, da ɗaukar itace.

Mutane da yawa suna zuwa eko don su ji mace ce ko namiji. Tambayar da ta fi wannan amfani ita ce: «Likita, ina mabiyiya take?» Ku roƙe shi ya rubuta amsar a cikin karne.

Ba kowane gidan likitan ƙauye ke da na'urar ba. Akan same ta a asibitocin gunduma da dama, da cibiyoyin lafiyar uwa da yaro na manyan garuruwa irin su Maraɗi, Damagaram da Tawa, da gidan haihuwa na Isaka Gazobi a Yamai. Ungozomar da ke yi muku awo ita za ta faɗa muku wuri mafi kusa, ta ba ku takarda.

RANAR DA AKA GA JINI

Abin da za a yi:
1. A kwantar da mace a kan gefenta na hagu, a lulluɓe ta.
2. A nemi abin hawa nan take, dare ne ko rana. A buga wa malamin likita salula tun ana hanya.
3. A ɗauki karnen awo da takardar eko.
4. A ƙunshe zannuwan da suka jiƙe a tafi da su, domin su ne za su nuna yawan jinin da ya zuba.
5. A tafi da mutum biyu ko uku masu lafiya waɗanda za su iya ba da jini.
6. A riƙe lokacin da jini ya fara, da ko akwai ciwo, da ko faya ta fashe, da lokacin da ɗa ya yi motsin ƙarshe.

Abin da ba za a yi ba:
1. Kada kowa ya sa yatsa a gaban mace don ya duba. In mabiyiya na bakin ƙofa, yatsa ɗaya ya isa ya ɓalle jini. Ko ungozomar likita ba ta yin haka sai ta san inda mabiyiya take.
2. Kada a cusa tsumma ko ganye ko wani magani.
3. Kada a danna ciki, kada a yi mata wankan ruwan zafi.
4. Kada a ba ta jiƙo ko ƙwayoyin ƴan talla. Kada a cika ta da abinci, domin wataƙila za a yi fiɗa.
5. Kada a jira maigida ya komo daga kasuwa ko daga cin rani. Addu'a kuwa a yi ta a kan hanya.

BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA

Magidanta, wannan sashe naku ne. Mace takan ɓoye jini don kunya, musamman mai cikin fari. Wata kuma ta gani, amma ba ta iya fita sai da izini. To, ku ba da izinin tun yau, a gaban mahaifiyarku da maƙwabta: in aka ga jini, a kai ta likita ko ba ku nan. Wannan na cikin abin da ake tattaunawa a makarantun mazaje da aka faro a jahar Damagaram.

A shekarar 2005 gwamnatin Nijar ta ɗauke wa mata kuɗin fiɗar haihuwa a asibitocinta, a 2006 kuma ta ɗauke kuɗin awon ciki. Duk da haka akwai kuɗin mota, da na abinci, da na hoto, da na masu jinya. Tun ciki na wata uku a ware ɗan akuya ko buhun wake da sunan wannan rana. Ƙauyen da ke da asusun taimakon juna, ko ƙungiyar mata mai adashe, su sa wannan cikin lissafinsu. A san mai mota ko mai amalanken da za a tasa da dare, a rubuta lambarsa a bangon karne. Wanda ƙauyensu ke yankewa da damina, kuma likita ya ce mabiyiya na ƙasa, ya kai matarsa wurin dangi a birni tun kafin wata na takwas.

Ba da jini ba ya rage ƙarfin namiji. Abin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba, jiki kuma yana mayar da shi. Kafin a ɗiba sai an auna mutum an ga yana da lafiya.

Mata kuma ku sani, wadda jininta ke cike ta fi jure zubar jini. Ku sha ƙwayoyin ƙarin jini da ake ba ku a awo kowace rana, ko da sun sa bayan gida ya yi baƙi. Ku karɓi maganin rigakafin zazzaɓin sauro, ku kwana cikin gidan sauro. Ku ci wake, da zogale, da hanta, da kifi, da ƙwai, gwargwadon hali.

Mun sani rai da ajali na hannun Allah. Amma Shi ne ya ba ɗan Adam basirar ƙera abin da ke gani cikin duhun mahaifa, kuma neman magani ba ya kore tawakkali. Manomi ba ya ganin tsutsa a gonarsa ya koma gida ya kwanta.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA A AJI

1. Jini ya zo wa mai ciki wata takwas, ba ciwo, kuma ya tsaya. Me za a yi?
2. Me ya sa aka hana sa yatsa a duba mace mai zubar da jini?
3. Wace tambaya ce ta fi amfani a yi wa likita ranar eko?
4. Daga ƙauyenku zuwa inda ake eko da fiɗa kilomita nawa ne? Wa zai kai mace in abin ya faru da dare?

Malaman aji, ku rubuta amsar tambaya ta huɗu a kan allo, kowane ɗalibi ya kwafe ta cikin littafinsa ya kai gida. Ku aiko mana da abin da kuka tattauna. Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya abin da suka haifa. Amin.